Yadda Ake Saita Edita Don Warware Karo a Git

Ka buga `git merge` ko `git pull`, kana sa ran ya wuce lafiya kamar kullum, sai Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen fayiloli tana haɗa aikin mutane da yawa, ya tsaya cak, ya rubuto maka CONFLICT da manyan baƙaƙe. Ka buɗe fayil ɗin, ka tarar da wasu alamomi da ba kai ka sa su ba: aikinka a sama, na abokin aikinka a ƙasa, ga layi ya raba tsakani. Wannan shi ne karo, wato ku biyu kun taɓa wuri ɗaya, ko wurare masu maƙwabtaka da juna, Git kuma ya ƙi yi muku shisshigi wajen zaɓen wanda za a bari.

Abin da mafi yawanmu ke yi a wannan lokaci shi ne neman maɓallin da zai kawar da alamomin da sauri. Editoci na zamani kuwa, wato manhajojin da ake rubuta fayil da gyara shi a cikinsu, sun cika da irin waɗannan maɓallai. Ni dai abin da nake so ka fita da shi daga wannan bayani shi ne, kafin ka zaɓi edita ko maɓalli, ka tabbatar kana ganin tushe: yadda rubutun yake tun kafin ku biyu ku taɓa shi. Wanda bai ga tushe ba, canki-canki kawai yake yi, ko da wace manhaja yake amfani.

Da farko, ka ƙirƙiri karon gwaji

Kada ka gwada sabon saiti a kan aikin gaske. Buɗe tamina, wato tagar da ake buga umarni, ka duba sigar Git ɗinka da `git --version`, ka riƙe lambar a kai domin za mu buƙace ta nan gaba. Sannan ka buɗe ma'ajiyar gwaji, wato foldar da Git zai riƙa adana tarihinta:

```
git init gwaji
cd gwaji
```

Ƙirƙiri fayil mai suna `saiti.txt`, ka sa masa layi biyu:

```
lokacin_jira = 30
sake_gwadawa = 3
```

Ka ajiye shi da `git add saiti.txt` da `git commit -m "tushe"`. Yanzu ka buɗe sabon reshe, wato layin aiki na dabam, da `git switch -c reshen-abokina`, ka mai da 30 ta koma 60, ka ajiye da `git commit -am "ƙarin jira"`. Ka koma reshen farko da `git switch -`, a nan kuma ka mai da 3 ta koma 5, ka sake ajiyewa. Sai ka buga `git merge reshen-abokina`. Ga abin da za ka tarar a cikin fayil ɗin:

```
<<<<<<< HEAD
lokacin_jira = 30
sake_gwadawa = 5
=======
lokacin_jira = 60
sake_gwadawa = 3
>>>>>>> reshen-abokina
```

To, a ce ba kai ka yi gyare-gyaren nan minti biyu da suka wuce ba. A ce wata guda ke nan, ka manta. Wanne za ka ɗauka? Shin kai ne ka rage lokacin jira daga 60 zuwa 30, ko abokinka ne ya ƙara shi? Shi ne ya rage yawan gwaji zuwa 3, ko kai ka ɗaga shi zuwa 5? Babu abin da ke cikin waɗannan layuka bakwai da zai ba ka amsa.

Mataki mafi muhimmanci: ka sa tushe ya fito

Git na da saiti mai suna `merge.conflictStyle`, shi ne ke yanke yadda za a rubuta alamomin karo a cikin fayil. Yana karɓar abu uku. Na asali shi ne `merge`, wanda ka gani yanzu, ɓangare biyu kawai. Na biyu `diff3`, wanda ke ƙara ɓangare na uku a tsakiya. Na uku `zdiff3`, wanda ya shigo a sigar 2.35 a watan Janairun 2022. Shi ma yana nuna tushe, amma idan akwai layukan da ɓangarorin biyu suka yi daidai a farko ko a ƙarshen karon, sai ya fitar da su waje don karon ya ragu. Idan Git ɗinka ya kai 2.35, wannan za ka ɗauka:

```
git config --global merge.conflictStyle zdiff3
```

Idan bai kai ba, ka sa `diff3`. Ka kula da wannan musamman idan kana kwafe fayil ɗin saitinka zuwa wasu kwamfutoci, domin tsohon Git bai san `zdiff3` ba, zai ƙi aiki ya yi ta kawo maka ƙorafi.

Saitin ba ya taɓa karon da ya riga ya faru. Don ka sake rubuta alamomin da sabon salo, sai ka buga `git checkout --conflict=zdiff3 saiti.txt`. Wannan umarni kan sa ours, base da theirs a madadin sunayen da za ka gani a jikin alamomin nan, amma abin da ke ciki ɗaya ne. Yanzu duba:

```
<<<<<<< HEAD
lokacin_jira = 30
sake_gwadawa = 5
||||||| 4f2a9c1
lokacin_jira = 30
sake_gwadawa = 3
=======
lokacin_jira = 60
sake_gwadawa = 3
>>>>>>> reshen-abokina
```

Abin da ke tsakanin `|||||||` da `=======` shi ne tushe. Nan take labarin ya fito fili: kai yawan gwaji kawai ka taɓa, abokinka lokacin jira kawai ya taɓa. Amsar da ta dace ita ce 60 da 5. Ka lura da kyau, wannan amsa ba ta sama, ba ta ƙasa. Idan ka danna maɓallin ɗaukar naka, aikin abokinka ya tafi. Idan ka ɗauki nasa, naka ya tafi. Idan kuma ka danna na ɗaukar duka biyun, wanda mutane ke gani kamar shi ne mai adalci, za ka samu layi huɗu, kowane suna sau biyu. A harsunan manhaja da yawa na ƙarshe ne ke rinjaye, don haka gyaranka ya mutu shiru, ba ƙorafi ba gargaɗi. Irin wannan kuskure ya fi wanda ke fasa manhaja haɗari, domin wanda ya fasa ana ganinsa a take, wannan kuwa sai bayan makonni wani ya zo yana tambayar ina gyaran da aka ce an yi.

Yadda nake karanta karo kullum shi ne da tambaya biyu. Daga tushe zuwa sama, me aka canza kuma don me? Daga tushe zuwa ƙasa, me aka canza kuma don me? Idan na amsa su, sai in rubuta abin da zai cika nufin duka biyun. Idan dalilin ya shige mini duhu, `git log --merge -p saiti.txt` na jero mini ajiye-ajiyen da suka taɓa fayil ɗin daga kowane ɓangare tare da saƙonninsu. Idan har yanzu ban gane ba, in tambayi mai gyaran. Tambayar minti biyu ce.

Wurare uku da edita ke shigowa

Mutane kan cakuɗa abubuwa uku, shi ya sa wani zai ce ya saita edita amma Git na buɗe masa wata daban. Na ɗaya, editar da Git ke buɗewa don rubuta saƙon ajiya, ita `core.editor` ke kula da ita. Na biyu, yadda editarka ke nuna alamomin karo idan ka buɗe fayil da kanka, wannan saitin editar ne, Git ba ruwansa. Na uku, manhajar da ke buɗewa idan ka buga `git mergetool`, wadda `merge.tool` ke zaɓa.

Na ɗayan ba shi da wuya, a gama da shi:

```
git config --global core.editor "code --wait"
```

Wannan na masu VS Code ne. Mai son nano ko vim sai ya sa sunanta a wurin. Kalmar `--wait` dole ce ga edita mai buɗe taga, domin ita ke sa Git ya dakata har ka rufe fayil ɗin. In babu ita, Git zai ɗauka ka gama tun ba ka rubuta komai ba. Idan ka saita amma wata editar ke fitowa, duba ko akwai `GIT_EDITOR` a tsarinka, shi ke gaba da kowa, bayansa `core.editor`, sai `VISUAL`, sai `EDITOR`, idan duk babu sai a faɗa kan editar vi.

Gyara a cikin fayil, ko tagogi uku?

Nan ne ainihin zaɓin. Hanya ta farko, ka buɗe fayil ɗin yadda yake da alamominsa, ka gyara da hannu, ka goge alamomin. Hanya ta biyu, ka buɗe shi a manhajar da ke raba allo: naka gefe, nasa gefe, sakamako a ƙasa.

A ganina, yawancin karon da mutum ke haɗuwa da su a kullum, na layi biyar zuwa goma, gyara a cikin fayil ya fi, muddin tushe na fitowa. Kana ganin abin da ke kewaye da karon, idonka na wuri ɗaya, kuma hanyar na aiki a ko'ina, har a kan sabar da ka shiga daga nesa inda babu linzami babu launi. Tagogi uku kuwa suna nuna amfaninsu ne idan karon ya yi tsawo, kamar wani ya sake jera wani sashe gaba ɗaya yayin da kai ka gyara kalma biyu a cikinsa. A nan ido ba zai iya tsamo kalma biyun daga layi arba'in ba, amma manhajar za ta shafa musu launi. Shi ya sa nake ba da shawarar ka saita duka biyun, ka riƙi ta farko a matsayin ta yau da kullum, ta biyu ka ajiye ta don ranar da kai ya ƙulle.

Idan VS Code kake amfani da ita

Da ka buɗe fayil mai karo, za ta shafa wa ɓangarorin launi, ta kuma ɗora ƙananan rubutu huɗu a saman karon: Accept Current Change, Accept Incoming Change, Accept Both Changes, da Compare Changes. Na farko na ɗaukar na sama, na biyu na ƙasa, na uku duka biyun, na huɗu na jera su kusa da juna don kwatantawa. Ta san salon da ke nuna tushe, kuma idan ka danna ɗaya daga cikinsu tana share tushen tare da alamomin. Idan ka san hannunka na saurin dannawa kafin ka karanta, kana iya kashe waɗannan rubutu ta hanyar mai da `merge-conflict.codeLens.enabled` zuwa `false`; launin zai ci gaba da fitowa.

A shekarar 2022 aka ƙara mata editar haɗi mai tagogi uku. Za ka ga maɓallin Resolve in Merge Editor a ƙasan fayil mai karo. Idan ka danna shi, Incoming na hagu, Current na dama, Result na ƙasa, kuma kana iya rubutu kai tsaye a cikin Result. Abu na farko da za ka yi idan ta buɗe: shiga jerin zaɓi na ɗigo uku da ke sama, ka kunna Show Base, domin ba ta nuna tushe sai an nema. Idan ka gama ka danna Complete Merge, ita za ta yi maka `git add`. Wanda yake so kowane fayil mai karo ya riƙa buɗewa a wannan salo kai tsaye sai ya mai da `git.mergeEditor` zuwa `true`. Ni na bar shi a kashe saboda dalilin da na faɗa a sama.

Don `git mergetool` ya riƙa buɗe ta daga tamina:

```
git config --global merge.tool vscode
git config --global mergetool.vscode.cmd 'code --wait --merge "$REMOTE" "$LOCAL" "$BASE" "$MERGED"'
```

Daga sigar 2.47 ta 2024, Git ya san `vscode` da kansa, layin farko kaɗai ya isa. Alamar zance guda-guda da ke kewaye da umarni na biyu tana da aiki: ita ke hana tamina cinye kalmomin masu alamar `$` kafin su isa ga Git. A tsohuwar taminar Windows wannan alamar ba ta aiki haka, don haka ka yi amfani da Git Bash, ko ka buɗe fayil ɗin saitin da `git config --global --edit` ka rubuta da hannu. Masu macOS kuma, idan aka ce ba a san umarnin `code` ba, akwai zaɓi a cikin VS Code na girka shi a PATH, wato jerin wuraren da tamina ke neman umarni.

Waɗannan sunaye huɗu ka haddace su, domin kowace manhajar haɗi da su take aiki. `BASE` tushe. `LOCAL` abin da ke reshen da kake tsaye a kai. `REMOTE` abin da ke shigowa, kuma kada sunan ya ruɗe ka, ba lallai daga intanet yake ba, ko reshen da ke kwamfutarka ne haka ake kiransa. `MERGED` shi ne fayil ɗin gaske da za a ajiye sakamako a ciki.

Idan Vim ce taka

```
git config --global merge.tool vimdiff
```

Masu Neovim su sa `nvimdiff`. Idan ka buga `git mergetool`, taga huɗu za su buɗe: LOCAL da BASE da REMOTE jere a sama, MERGED a ƙasa. A ta ƙasan kake aiki. `]c` na kai ka bambanci na gaba, `[c` na mayar da kai baya. Idan kana tsaye a kan karo, `:diffget LO` na jawo naka, `:diffget RE` na jawo nasa, `:diffget BA` na dawo da tushe. A misalinmu, ka jawo nasa sannan ka mai da 3 zuwa 5 da hannu. Ka gama, `:wqa`. Idan kuwa ka rikice kana so ka fita ba tare da an ɗauka ka warware ba, `:cq` za ka buga, shi ke sanar da Git cewa ba a gama ba.

Taga huɗu sun yi wa ƙaramin allo yawa. Daga sigar 2.37 kana iya tsara su yadda kake so da `mergetool.vimdiff.layout`. Waƙafi na jera tagogi gefe da gefe, `/` na ɗora ɗaya a kan ɗaya, `+` na buɗe sabon shafi. Misali `"LOCAL,MERGED,REMOTE"` zai ba ka uku kacal, kuma ba ka rasa tushe ba tunda yana cikin alamomin da ke MERGED.

Masu Emacs suna da smerge-mode, mai aiki kai tsaye a kan alamomin: `C-c ^ n` karo na gaba, `C-c ^ u` ɗauki na sama, `C-c ^ l` ɗauki na ƙasa. Akwai kuma manhajojin da haɗi kaɗai ne aikinsu. Meld na da sauƙin fahimta, tagogi uku, ana gyara a ta tsakiya. KDiff3 ba ta da kyan gani sosai amma tana nuna tushe da ɓangarorin biyu da sakamako a lokaci guda, tana kuma bambancewa har harafi-harafi. Umarnin `git mergetool --tool-help` zai jero maka waɗanda Git ya sani, da waɗanda ke kan kwamfutarka a yanzu.

Ƙananan saituna biyu

Duk lokacin da `git mergetool` ya gama da fayil, yana barin kwafinsa mai alamomi da ƙarin `.orig` a ƙarshen suna. Suna taruwa, kuma wata rana sai ka tura su cikin ma'ajiya ba ka sani ba. Kashe su:

```
git config --global mergetool.keepBackup false
```

Na biyun gargaɗi ne. Ga manhajar da Git bai amince da sakamakon fitarta ba, wato alamar da take ba shi idan ta rufe cewa an gama ko ba a gama ba, abin da yake dubawa kawai shi ne ko an taɓa fayil ɗin. Idan an ajiye wani sauyi, sai ya ɗauka an warware, ya yi `git add`. Ke nan idan ka gyara karo biyu cikin biyar, ka ajiye, ka rufe, Git zai ɗauki fayil ɗin a matsayin gamamme alhali alamomi na nan ciki. Saitin `mergetool.<suna>.trustExitCode` na gyara wannan ga manhajar da ta iya faɗin ta gama ko ba ta gama ba. Ga sauran, dubawar da zan kawo a ƙasa ita ce kariya.

Inda naka ke komawa nasa

A nan gizo ke saƙar, kuma babu editar da za ta cece ka in ba ka sani ba. Duk abin da na faɗa cewa sama naka ne ƙasa nasa, gaskiya ne a `git merge`. A `git rebase` abin juyawa yake yi. Dalili kuwa, rebase na fara tsayawa ne a kan reshen da kake son ka hau, sannan ya ɗauko ajiye-ajiyenka ɗaya bayan ɗaya yana ɗora su a kai. Saboda haka HEAD, wato inda kake tsaye, a lokacin aikin wasu ne, abin da ke shigowa kuma naka ne. Current da LOCAL da `--ours` duk suna nufin nasu; Incoming da REMOTE da `--theirs` duk suna nufin naka.

Na taɓa zubar da aikin yini guda ta wannan hanya. Ina tsakiyar rebase, na ga Accept Current Change, zuciyata ta ce ai na yanzu nawa ne, na bi karo bakwai ina dannawa. Sai da gwaji ya faɗi na gane nawa na share. `git reflog` ne ya dawo mini da shi, domin yana riƙe da tarihin duk inda HEAD ya taɓa tsayawa. Tun daga ranar, kafin in taɓa kowane karo sai na buga `git status`, layukansa na farko na faɗin ko haɗi ake ko rebase. Sannan in karanta sunan da ke jikin `>>>>>>>`. A rebase za ka ga saƙon ajiyarka ne a wurin. Wannan ya shafi masu `git pull --rebase` ma, ko waɗanda aka saita musu `pull.rebase` suka manta.

Abin da editarka ke yi a bayan idonka

Wasu karon editar ce ke haifar da su. Idan ka kunna gyaran tsari a duk lokacin ajiyewa, wato `editor.formatOnSave` a VS Code, kuma tsarinka ya saɓa da na abokan aikinka, gyaran layi ɗaya zai zama sauyin layi ɗari biyu, kowa ya taɓa fayil ɗin sai kun yi karo. Maganin dindindin shi ne ƙungiyar ta yarda da tsari ɗaya, a rubuta shi a fayil irin `.editorconfig` a cikin ma'ajiya. Kafin nan, `editor.formatOnSaveMode` idan aka sa shi a `modifications` na taƙaita gyaran ga layukan da ka taɓa, in dai mai gyaran tsarin harshen ya iya aiki a kan sashe.

Haka ma ƙarshen layi. Windows na rufe layi da CRLF, Linux da macOS da LF. Idan ka ga fayil gaba ɗaya ya zama karo guda, sama da ƙasa kuma iri ɗaya a ido, kusan kullum wannan ne. Kada ka fara gyara. Soke haɗin da `git merge --abort`, ka sake shi da `git merge -X ignore-space-change` da sunan reshen. Don kada ya sake faruwa, a sa layin `* text=auto` a fayil ɗin `.gitattributes`.

Akwai kuma fayilolin da bai kamata a buɗe su a edita ba sam. Hoto ko wani fayil da ba rubutu ba, zaɓen ɗaya ake yi: `git checkout --ours` ko `git checkout --theirs` da sunan fayil. Ka sani waɗannan umarni fayil ɗin gaba ɗaya suke ɗauka daga ɓangare ɗaya, har da wuraren da ba a yi karo ba, don haka ba hanyar gaggawa ba ce ga fayil ɗin rubutu. Fayilolin da manhaja ke haifarwa da kanta, irin `package-lock.json`, ka fara warware `package.json`, sannan ka bar `npm install` ya sake gina ɗayan.

Kafin ka ce an gama

Ɓacewar alamomi ba ita ce shaidar an warware ba. Bi waɗannan a jere. `git diff --name-only --diff-filter=U` zai nuna fayilolin da suka rage. `git diff --check` na kama alamomin karo da aka manta a cikin rubutu. Idan ka riga ka yi `git add`, ka ƙara masa `--cached`. Sannan ka kunna manhajar ko ka gudanar da gwaje-gwajenta, domin akwai karon da Git ba ya gani ko kaɗan: abokinka ya sauya sunan wani aiki (function) a fayil ɗinsa, kai kuma ka kira shi da tsohon suna a naka. Layukan ba su haɗu ba, Git ya wuce lafiya, manhajar kuwa ta karye. Bayan wannan sai `git add`, sannan `git merge --continue` ko `git rebase --continue`.

Idan ka ɓata fayil ɗaya kana son farawa daga farko, `git checkout -m saiti.txt` na dawo da alamomin yadda suke, amma duk gyaran da ka yi a fayil ɗin zai tafi.

Saiti na ƙarshe da nake kunnawa a kowace kwamfuta shi ne rerere:

```
git config --global rerere.enabled true
```

Aikinsa shi ne ya riƙe yadda ka warware kowane karo, idan karon ya sake dawowa ya maimaita maka. Mai reshen da ya daɗe yana rebase a kai a kai zai ji daɗinsa ƙwarai, domin karo ɗaya kan yi ta dawowa. Yana ajiye bayanan a `.git/rr-cache`, kuma bisa saitin asali waɗanda aka warware suna kai kwana 60 kafin a share su. Yana gyara fayil ɗin amma ya bar maka `git add`, don ka duba da idonka. Akwai saitin `rerere.autoUpdate` mai ɗauke wannan mataki, ni ban kunna shi ba. Dalilina, rerere na haddace kuskure kamar yadda yake haddace daidai. Idan ka gane abin da ya maimaita maka ba daidai ba ne, `git rerere forget saiti.txt` zai sa ya manta, ka sake warwarewa.

Yanzu koma ma'ajiyar gwajin nan. Buga `git merge --abort`, ka wuce `reshen-abokina`, ka yi `git rebase` a kan reshen farko. Buɗe `saiti.txt` a editar da ka saita, ka duba wace lamba ce ta hau sama a wannan karon, 60 ko 30, ka kuma duba wane suna editar ta laƙaba mata.